Kwikwiyona yana amai a mota, ga tafiyar Gaundere ta matso

Mai Shagon Taya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da kwikwiyo ɗan wata bakwai da nake raino don gadin gida, kuma ƙarshen wata zan mai da iyali Gaundere daga nan Garwa, a arewacin Kamaru. Da ya shiga mota sai ya kama hamma yana lasar baki, yawu na dalala har ƙirji. Daga Yelwa ko gadar Binuwai ba ma kaiwa sai ya yi amai. Ƙanina ya ce in ba shi rabin ƙwayar barci ta mutane in sa shi a but, ya farka a can. Hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Direban Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar but a bar ta tun yanzu. Babu iska, hayaƙin salansa na shiga, ga zafin Garwa da a watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Hanyar nan ta fi kilomita 270, kuma mai wuyar tana gaba: in ka wuce Ngong da Gouna ka isa Mbe, sai hawan tudun nan mai kwana-kwana. Mutane ma a nan suke neman leda. Ka tashi da an sallame asuba, ka wuce yankin zafi kafin rana ta ɗaga. In ka hau tudu iska ta yi sanyi, an huta.

Malamin Dabbobi: Alhaji, don Allah kada ka ba shi ƙwayar mutane da ka. Ibuprofen na cin cikin kare da ƙodarsa, farasitamol na lalata masa hanta in ya yi yawa, maganin barci kuma yana iya sauke masa jini ya hana jikinsa daidaita zafi. Sai ka ɗauka ya natsu, alhali yana cikin wahala ya kasa motsi ne kawai.

Abu biyu ne ke sa kare haka. Na farko jiri. A can cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa jiki ko yana tsaye ko yana tafiya, kuma a kwikwiyo bai gama ƙwari ba, shi ya sa ƙanana suka fi amai, da yawansu kuma sukan daina in sun kai shekara. Na biyu tsoro. In ya yi amai a mota sau da yawa, sai ya haɗa motar da wahala. Ga yadda za ka gane: sa shi a ciki injin a kashe. In yawun ya zubo tun ba a motsa ba, to tsoro ya shiga. In sai an fara tafiya, jiri ne zalla.

Mai Shagon Taya: Malam, tun daga ƙofar gida yake tirjewa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu.

Baba Maharbi: To ɗana, tsoro ne ya hau kan jirin. Mu da muke kai karnuka daji, ba ranar fita muke gwada musu mota ba. Ka buɗe ƙofofi duka, motar na inuwa, ka ajiye masa abincinsa kusa da taya. Gobe a bakin ƙofa. Jibi a ciki. Kada ka ja shi da igiya, kada ka tsawata, bar shi ya hau da ƙafarsa. In ya fara cin abinci a ciki wutsiya na kaɗawa, sai ka tada inji ka zauna tare da shi ba tare da an je ko'ina ba. Bayan nan ka zaga unguwa ku dawo, ka sake shi ya yi wasa. Kullum ka ƙara nisa kaɗan. In ka ga ya koma lasar baki, ka yi gaggawa ke nan, koma baya. Sannan ka shimfiɗa masa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba, ko buhun da yake kwana a kai. Kare da hanci yake sanin gida.

Mai Shagon Taya: Allah ya ƙara girma, Baba. Yau da yamma zan fara.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai yarana citta nake ba su in za mu Marwa, tana kwantar da zuciya. Wata maƙwabciyata ta ce tafarnuwa ma tana yi. Ba za a gwada masa ba? Sannan ku yi haƙuri, yawun nan fa? Yara na baya da kayan sallarsu.

Malamin Dabbobi: Hajiya, citta ɗan kaɗan ba ta cutarwa, wasu na jin daɗinta, amma ba za ta riƙe kare mai amai sosai ba. Tafarnuwa da albasa kuwa a'a, suna fasa wa kare ƙwayoyin jini. Maganin da aka yi don wannan matsala sunansa maropitant, ana sayar da shi da sunan Cerenia. Ana ba da shi aƙalla awa 2 kafin tashi, kuma ba ya sa barci. In ba a samu ba, likitan dabbobi na iya rubuta ɗaya daga magungunan jirin matafiya, amma sai ya auna nauyin karen. Kada a yi kintace.

Malam Na Tsangaya: Hajiya, a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Amma tsafta ta fi, a shimfiɗa leda a ƙasa a ɗora tsumma, a raba shi da wurin zaman yara.

Ɗan Kusseri: Ni a bayan Hilux nake ɗaukar nawa, in ɗaure masa baki da ƙyalle don kada ya ciji mutane a shinge. Kuma Alhaji ka riƙe karne, wato ɗan littafin shaidar allurarsa, a hannu, jandarma na iya tambaya.

Baba Maharbi: Ɗana, kwance wannan ƙyallen. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Ka ɗaure masa baki a rana, ka toshe masa hanyar shan iska ke nan. Kuma ka taɓa ƙarfen bayan motar da tafin hannunka da azahar, ka ji abin da ƙafarsa ke takawa.

Ɗan Kusseri: Na ji, Baba. To in ya zama dole a rufe bakin?

Malamin Dabbobi: Akwai takunkumi mai kama da kwando, yana iya buɗe baki ya yi haki a ciki. Amma kare mai amai kada a bar shi da takunkumi ana tafiya, zai iya shaƙewa. Maganar karne kuwa gaskiya ce. Allurar haukan kare daga wata 3 ake yi, in ba a yi masa ba Alhaji ka kai shi wannan makon, kada ka bari sai jajibirin tafiya. Abinci kuma ka ba shi da daddare, da safe kada ya cika ciki. Ruwa ba a hana shi, kaɗan-kaɗan a duk tsayawa.

Direban Marwa: Ka tsaya kamar duk awa 2, ka sa masa igiya kafin ka buɗe ƙofa, don manyan motoci ba sa sassautawa a hanyar nan. Sauke gilashi kamar yatsa uku ta kowane gefe, kada kai ya fita. Kuma ko salla za ka yi a Gouna kada ka bar shi a rufe cikin mota, fito da shi inuwa. A kwanonin Mbe ka bi a hankali, birki da sauri shi ke juya ciki.

Mai Shagon Taya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai mai walda kusa da shagona, zan sa ya haɗa mini keji. Wane girma zan ce masa?

Malamin Dabbobi: Wanda zai miƙe tsaye a ciki, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Kada ya fi haka, don kada ya riƙa zamewa a kwana. A bar raga ta kowane gefe, a goge bakin ƙarfen kada ya yanke shi. Ka ɗaure kejin da bel a kujerar baya yana kallon gaba. Ka karɓo shi da wuri ya fara kwana a ciki a tsakar gida.

Baba Maharbi: Kuma abincin nan da na ce, a cikin kejin za ka riƙa zuba masa daga ranar da ya iso.