Abu Dhabi 2021: ƙwace wa Hamilton aka yi, ko Verstappen ya ci da guminsa?

Baban Amira: Ni har gobe ina nan kan bakana. Kambun gasar tseren motoci ta Formula 1 na 2021 na Hamilton ne, ƙwace masa aka yi ido na ganin ido. Ranar 12 ga Disamba sun shiga Abu Dhabi kunnen doki, kowa da maki 369.5. Hamilton ya ba Verstappen tazarar fiye da daƙiƙa goma, tsere ya kusa ƙarewa, sai wani direba, Latifi, ya daki katanga a zagaye na 53, motar tsaro ta fito, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu idan an yi hatsari. Daga nan daraktan tseren, Michael Masi, ya ajiye littafin doka ya yi son ransa.

Ɗan Damagaram: Yaya, ka fara daga ƙarshe. Tsere 22 aka yi a shekarar. Verstappen ya ci 10, Hamilton 8. A Baku Verstappen yana kan gaba tayarsa ta fashe. A Silverstone Hamilton ya taɓa shi a kwanar Copse, ya ƙare a asibiti, shi kuwa Hamilton aka ci shi tarar daƙiƙa goma kawai kuma ya lashe tseren. A Hungary Bottas, abokin aikin Hamilton a ƙungiyar Mercedes, shi ne ya haddasa karon da ya lalata wa Verstappen mota. Da ba don waɗannan ba, da tun kafin Abu Dhabi an gama magana.

Maman Sultan: Don Allah ku yi mana bayani mu 'yan kallo. Wace doka ce aka karya?

Injiniya: Hajiya, abu biyu ne. Idan motar tsaro na kan hanya, motocin da aka riga aka zagaye su ana ba su dama su wuce su koma bayan layi. Masi ya fara cewa ba za su wuce ba, sai ya sauya magana, ya bar guda biyar ɗin da ke tsakanin Hamilton da Verstappen kaɗai suka wuce, sauran aka bar su inda suke. Na biyu, motar tsaron ya kamata ta ƙara zagaye guda bayan haka. Da ta ƙara, da a bayanta za a kammala zagaye na 58, Hamilton ya ɗauki kambu na takwas ya wuce Schumacher mai kambu bakwai. Amma nan take aka janye ta. Verstappen ya riga ya saka sabuwar taya mai laushi, Hamilton na kan tsohuwa mai tauri da ta yi zagaye fiye da arba'in. A kwana ta biyar ta zagayen ƙarshe Verstappen ya wuce shi.

Ɗan Damagaram: To wa ya hana Mercedes sauya taya?

Baban Amira: Haba ƙanena! Ya shiga sauya taya ya miƙa wa Verstappen gaba, alhali doka ta nuna a bayan motar tsaro za a ƙare? Lissafinsu daidai ne, dokar ce aka sauya musu ana tsakar wasa. Kamar alƙali ya busa tashi, sannan ya ce a dawo a buga fenareti.

Ɗan Damagaram: A zagayen farko Hamilton ya yanke kwana ya riƙe gaba, ba wanda ya ce masa kanzil. Wannan ba ka gani ba?

Injiniya: Na gani, kuma in tonon silili za a yi, akwai tseren Spa na Beljiyam, inda aka raba rabin maki ba tare da an yi tseren kirki ba saboda ruwan sama, Verstappen ne ya fi amfana. Ni dai ra'ayina, Verstappen bai saci komai ba, damar da aka ba shi ya yi amfani da ita. Amma tseren ƙarshen ba a gudanar da shi bisa ƙa'ida ba. FIA, hukumar da ke kula da gasar, da kanta ta cire Masi a Fabrairun 2022, rahotonta na Maris kuma ya ce kuskuren ɗan Adam ne, sakamako dai yana nan.

Baban Amira: Ka ji ko! An kori alƙali, an bar hukuncinsa.

Maman Sultan: To me ya sa Mercedes ba su ɗaukaka ƙara ba?

Ɗan Damagaram: Sun kai ƙorafi biyu a daren, aka yi watsi da su, suka ce za su ɗaukaka, daga baya suka janye. Yaya, ka amsa wa Hajiya wannan tukuna.