Mijin jarumata ya ɓata a Srebrenica, yaushe zan iya aurar da ita?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta wani labari a kan yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, kuma na cije a babi na 20. Jarumar sunanta Emina, 'yar ƙauye ce a kusa da Srebrenica, aurenta bai cika shekara ba kuma tana da ƙaramin ciki. Ranar 11 ga Yuli 1995 da dakarun Sabiyawa na Ratko Mladić suka shiga garin, mijinta ya bi ayarin mazan da suka nufi birnin Tuzla, da ke hannun gwamnatin Bosniya, ta daji, ita da surukarta suka tafi Potočari, wurin sojojin Holan na Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan aka loda su a bas zuwa wajen Kladanj, suka ƙarasa da ƙafa, suka kwana a tanti a filin jirgin saman Tuzla. Tun rabuwarsu a bakin hanya ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu na shigo da wani malamin makaranta da ya rasa ƙafa ɗaya a yaƙin, yana sonta, ita ma zuciyarta ta fara karkata. Niyyata in kai su Jamus su yi aure. Masu karatuna kuwa sun rabu biyu, wasu na cewa in na aurar da ita sun daina bibiyar labarin. Shin shekara nawa ya kamata ta jira? Kuma in dawo da mijin ko in bar shi?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan mas'alar mafƙudi ce, wato mijin da ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba. Abin da aka fi sani a Malikiyyarmu shi ne matar ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Amma Musulmin Bosniya Hanafawa ne, kuma tsohon hukuncin Hanafiyya ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Kada ki sa limaminsu ya yi magana kamar malamin zaure a Kano.

Ni dai inda nake ganin naman labarin yake shi ne maganar gawa. Bayan faɗuwar Srebrenica an kashe maza da samari sama da 8,000 a cikin 'yan kwanaki. Bayan wata biyu zuwa uku masu kisan suka koma da motocin haƙa, suka tone manyan kaburburan, suka kwashe gawarwakin zuwa wasu ramuka don ɓoye shaida. Shi ya sa ake samun ƙasusuwan mutum ɗaya a rami biyu ko uku. Sai wajen 2001 aka fara gane su ta gwajin DNA, ana ɗibar jinin dangi ana gwadawa da ƙashi, kuma jana'izar farko a maƙabartar Potočari an yi ta ne a Maris 2003, mutum 600. Ki duba cikin nan da kika ba Emina. Jinin wannan ɗan yana cikin abin da za a gane ubansa da shi. Ranar da aka kira ta aka ce an samu rabinsa, za ta amince a binne ko za ta jira a samu sauran? Mata da yawa sun fuskanci wannan tambayar da gaske.

Baban Yusra:
Hajiya, ni maganar Jamus zan taɓa, a nan nake zaune kuma na yi aiki da 'yan Bosniya. Jamus ta karɓi sama da 300,000, amma galibinsu sun shigo ne a farkon yaƙin. Kuma ba takardar zama aka ba yawancinsu ba, wata takarda ce da ake kira Duldung, wadda ke nufin an ɗage korarka na 'yan watanni, in ta ƙare ka koma layi a sabunta. Samun izinin aiki ma wuya. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Dayton, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin, a Disamba 1995, ba a jima ba aka fara matsa musu su koma, tun daga ƙarshen 1996. Da yawa da garuruwansu suka faɗa ɓangaren Sabiyawa sai suka wuce Amurka, shi ya sa birnin St. Louis ya cika da su. To in kika kai masoyanki Jamus a 1996, kin kai su daidai lokacin da ake nuna wa mutane ƙofa.

Matan Srebrenica da yawa ma ba su fita ƙasar ba. Sun zauna a kewayen Tuzla, wasu a Vogošća kusa da Sarajevo, cikin gidajen da Sabiyawa suka bari. Mai gudun hijira a gidan wani mai gudun hijira, kuma wata rana mai gidan zai dawo da takardarsa. Wani abu kuma, ki sa kofi a labarin. Mutanen nan ba sa zance sai da ƙananan kofuna a gabansu.

Ummu-Ummu:
Anti don Allah don Annabi ki dawo da shi! Ai ba duka aka kashe ba. Dubbai daga cikin ayarin dajin nan sun tsallaka bayan kwana biyar ko shida, wasu ma sun yi makonni suna ɓuya kafin su fito. Me zai hana nata ya kasance a cikinsu?

Abu Safwan:
Ƙanwata, gaskiyarki, amma waɗancan a cikin makonni ko 'yan watanni suka bayyana. A dawo da shi bayan shekara bakwai yana sallama a ƙofar gida ranar ɗaurin aure, wannan sai a fim.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri. Ummu, ki yi haƙuri, ba zai dawo ba. Jamus ma na fasa, zan bar su a Tuzla, in sa Emina cikin matan nan da ke fitowa ranar 11 ga kowane wata riƙe da rigunan matashin kai da aka ɗinka sunayen ɓatattu a kai. Malamin zai jira har 2003, in ya iya. Wadda ta fi ba ni wahala yanzu ita ce surukar. Ɗaki ɗaya suke kwana, ita ke goyon jikan, kuma a wurinta duk ranar da Emina ta saurari wani namiji, ranar ce aka tabbatar mata ɗanta ya mutu. Malam Abu Safwan, a ganinka ita za ta fara ba da jininta a yi gwajin, ko Emina za ta kai yaron a ɓoye?