Shin lambar shaida ta DNA tana iya bambanta nau'o'in kifin ancobi?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan ƙananan kifayen ancobi, kuma kamanninsu sun rikita ni, musamman jinsin Stolephorus, waɗanda ba a rarrabe su sai an ƙirga ƙasusuwan fiffike da haƙoran matatar numfashi. An ba ni shawarar in koma ga gwajin DNA. Shin wannan hanya ta isa ita kaɗai?

Malamin Halittu:
Wa alaikumus salam, Malama. Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ne ya gabatar da wannan hanya a 2003. Ana yanko ɗan nama, a ciro DNA, a ninka wani yanki na ƙwayar gadon COI da ke cikin mitokondiriya (sashen tantani mai samar da kuzari), mai tsawon harufan DNA kusan 650, sannan a gwada shi da jerin DNA na sanannun nau'o'i da ke rumbun bayanai na BOLD ko GenBank. Ga dangin ancobi, wato Engraulidae, mai nau'o'i sama da 140, hanyar tana aiki ƙwarai, har ma ta kan bayyana nau'o'in da ido ya daɗe yana ɗauka ɗaya ne. Amfaninta ya fi fitowa a kan ƙwai da 'ya'yan kifi, domin a wannan mataki siffofin da za a dogara da su kaɗan ne.

Mai Binciken Teku:
Na yarda da Malam, amma ina roƙon ki yi hattara da jinsin Engraulis. Na Peru, wato Engraulis ringens, yana fita daban ba tare da wahala ba. Na Turai da na Japan da na Afirka ta Kudu kuwa kusancinsu ya yi yawa, kuma shi kansa na Turai, Engraulis encrasicolus, yana ɗauke da zuriyoyi biyu na mitokondiriya da ke rayuwa tare a wasu tekuna. Tunda mitokondiriya daga uwa kaɗai ake gadonta, COI ba zai nuna miki barbara tsakanin nau'o'i ba. Sai kin haɗa da alamomin DNA na cibiyar tantani. Abin da ya fi damuna shi ne jerin da aka ɗora a GenBank da sunan da ba nasa ba, domin idan ma'aunin kansa kuskure ne, daidaito na kashi 99 cikin ɗari ma ba zai cece ki ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode. To, samfurin da aka gishirta ko aka sa a gwangwani fa?

Malamin Halittu:
Zafi da gishiri suna kakkarya DNA, don haka ki nemi gajeren yanki mai harufa 100 zuwa 300. Sabon kifi kuwa ki adana namansa a cikin ethanol, ki ɗauki hotonsa, ki ajiye gangar jikin da lambarta, domin wanda ya yi shakkar sakamakonki gobe ya samu abin dubawa.