Neman shawara: an ba ni darasin kimiyya, makaranta ba ɗakin gwaji

Sabon Malami:
Assalamu alaikum malamai. Zangon nan aka ba ni kimiyya a aji 1 na ƙaramar sakandare, ga yara cike da aji, ga shi ko kwalbar gwaji ba mu da ita. Na rubuta musu matakan bincike a allo: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Sun haddace tsaf. Jiya na ce me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Aji ya yi tsit, sai wani ya ce, "Malam, haka Allah Ya yi." Don Allah yaya zan yi?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ai tambayar nan taka ita ce darasin, kada ka kuskura ka ba su amsa. Kowa ya rubuta abin da yake zato a littafinsa. Ka nemo tulu biyu iri ɗaya, ka naɗe ɗaya da leda ruf, ɗayan ka bar shi haka. Ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, tun da safe. Kafin a tashi su tsoma yatsa. Wanda ba a naɗe ba zai fi sanyi, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsa yana bin iska da zafin. Ka sa su faɗa da bakinsu: me muka canza? Leda kaɗai. In yaro ya gane dalilin da ya sa ba a canza abu biyu lokaci guda, ya fi wanda ya haddace allon nan sau goma. Wanda hasashensa ya faɗi kuma a tafa masa, kar a yi masa dariya. Nan ne mu malamai muke ɓata yara.

Ɗan Dutse:
Ka ba su labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malami a nan Jigawa. Ƙaramar tukunya ya sa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da gauta suka riƙa kwanaki ba su lalace ba. Ya ci lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000.

Mai Kemis:
Malam, dafa zoɓo ba sukari, ka raba a kofuna. Matsa lemun tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske. Zuba ruwan kanwa a wani, zai rikiɗe ya yi duhu-duhu. Sai su kawo tsamiya da ruwan toka, su yi hasashe kafin a zuba. Amma ka tsare, akwai wanda zai ce sai ya kurɓa.

Malamin Islamiyya:
Yaron bai yi ƙarya ba, kada ka gwasale shi. Ka ce masa haka ne, yanzu mu duba ta yaya Ya yi. Masanin kimiyya Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa ya gwada yadda haske ke tafiya a miƙe.

Wani Malami:
Duk na ji, amma manhaja fa? Minti 40 ne, kuma jarrabawa ba ta tambayar tulu.

Tsohuwar Malama:
Gwaji ɗaya a wata ya isa, malam.

Sabon Malami:
Allah Ya saka da alheri. Litinin zan fara da zoɓo, tulu sai ranar kasuwa. Hajiya, in yatsunsu suka saɓa, wannan ya ce sanyi wancan ya ce a'a fa?

Tsohuwar Malama:
Ranar ce za su gane amfanin ma'aunin zafi. Ka ara.