Waɗanda aka yi wa aikin kansar baki, yaya kuka koma cin abinci?

Maman Hanifa: Salam jama'a. Babanmu aka yi wa aiki sati 3 da suka wuce, an yanke gefen harshensa aka yi masa faci da fatar hannunsa. An cire robar hanci da ake ba shi abinci ta ciki amma har yanzu sai kunu, shi ma rabi zubowa yake. Jiya ture kwanon ya yi ya ce ya gaji. Dan Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana gaskiya.

Tsohon Direba: Allah ba shi lafiya 'yata. Ni muƙamuƙin ƙasa aka yanke min aka ɗauko ƙashi daga ƙafata aka sa, shekara 2 kenan. Sai bayan aikin na gane harshe ne ke tura loma kan haƙori, in ya ƙi juyawa abincin sai ya tafi ya ɓuya a kumatu kana nemansa da yatsa. Shinkafa ta fi ba ni wahala don watsewa take, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa shi ya cece ni saboda santsi, sai faten dankali da ƙwai. Leɓena na ƙasa har yau ba na jinsa, jijiyar ta tafi da ƙashin, sai dai a ce min Baba goge. Wata 5 ban ci da mutane ba saboda kunya, wannan ya fi yunwar ciwo. Kilishi da rake kam mun rabu.

Anti Nurse ba: Ni aikin bai wahalar da ni kamar gashin na'ura na ƙone kansar (radiotherapy) da aka min sati 6 bayansa ba. Yawu ya ƙafe ƙaf, gurasa kamar ina tauna auduga, yaji kuwa wuta. Bakina ya riƙa tsukewa har yatsa 2 ba sa shiga, aka ba ni 'yan katakon nan na danne harshe ina jerawa tsakanin haƙora kullum ina ƙara ɗaya. Ku tambayi likitansa yaushe zai fara, kar a jira sai ya tsuke. Kuma in an yi gashi kar ya cire haƙori ko'ina sai da sanin likitocinsa, ƙashin ba ya warkewa da wuri.

Maman Hanifa: Na gode sosai. Baba Direba, da kunun ya riƙa sarƙe ku ya kuka yi? Shi da ya kurɓa sai tari.

Tsohon Direba: Ki ƙara masa kauri, ya zauna a miƙe, ƙaramin cokali ta gefen da ba a taɓa ba. In tarin ya zo da zazzaɓi ku koma asibiti a ranar, abinci kan faɗa huhu.