Gidan kimiyya na taɓa-ka-gani: me ke fara lalacewa?

Tambaya:
Salamu alaikum. Gidan kimiyya irin wanda ake barin yara su taɓa, su murɗa, su ja da hannunsu, a babban birni inda motocin makarantu za su riƙa sauke ɗalibai kullum: sayen kaya ya fi cin kuɗi ko gyara? Kuma da me ya kamata a fara?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam, Malam. Gyara, nesa ba kusa ba. Gidan kimiyya na Exploratorium da ke San Faransisko a Amurka, wanda Frank Oppenheimer ya buɗe a 1969, a cikin gida suke ƙera yawancin kayansu, shagon ma a fili yake, baƙi na kallon masu aiki. A fara da shago da makaniki kafin a yi odar komai daga waje.

Hannun murɗawa da maɓalli su ke fara mutuwa, don yaro ba ya tsayawa inda abu ya tsaya, sai ya ƙara ƙarfi. A bar hannun ya riƙa juyawa ba iyaka, ko a sa masa kuloci mai zamewa. Noti ya zama mai kai na musamman wanda sukundireba na gida ba ya kwancewa. Duk inda hannu zai kai, wuta kada ta wuce volt 12 ko 24, taransifoma a akwati mai makulli. Kowace safiya a gwada kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mutu a janye shi, kada a manna masa takarda a bar shi.

Amsa ta 2:
Malam, idan za a sayi injin Van de Graaff, mai tsayar da gashi, a san halinsa. Da hunturu aiki yake kamar me, da damina kuwa laima na tsotse cajin, sai ka ga tulun ƙarfen da ke saman injin ya yi shiru. Maganinsa ɗaki mai esi, ko a busar da bel ɗin da ke juyawa a cikin injin da na'urar busar da gashi kafin a kunna. Ƙura da maiƙon hannu ma suna kashe shi, a goge tulun da bel ɗin. Yaro ya hau dandamalin roba, a kashe injin a sauke cajin da sandar da aka haɗa da ƙasa kafin ya sauko. Mai na'urar bugun zuciya kada ya matso.

Amsa ta 3:
A fara da masu arha: madubai, kurar ɗaga kaya da igiya, maganaɗisu, teburin kumfa. Na kumfa, kofi 10 na ruwa, kofi 1 na sabulun wanke-wanke, ɗan gilisarin, a bar shi ya kwana. A shimfiɗa tabarmar roba, don ƙasan santsi take yi. Murfin kaya na akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi, kuma kada a goge shi da sifirit, tsattsagewa yake. Ruwan sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

A duba ginin ma. Cibiyar Kimiyya ta Ontariyo a Toronto an rufe ta a 2024 saboda matsalar rufinta.