Ni Tela Ne, Ba Lamba Bakwai Ba

Telan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan majalisa,
Ran suna liman ya ce Ahmed Musa,
Keken ɗinki nake takawa, ba na zuwa filin wasa,
Amma Facebook ta haɗa ni da takwara.

Da asuba saƙo: "Kyaftin, kuɗin magani,"
Da azahar: "Oga, mai gida zai kore ni,"
Da dare yaro ya turo bidiyo: "Ka duba ni,
Ka kai ni Leicester, ko a benci ne in fara."

Na rubuta "tela" a saman shafina,
Na sa hoton kaftani, na cire hotona,
Wani ya ce: "Kyaftin ya buɗe shago, ga awona,
Kyauta za ka ɗinka, ai dala ka tara."

Ɗan Pillars:
Haba Malam Tela, ka cika raki,
Sunan da ya bar Iceland cikin mamaki,
A Kofin Duniya na 2018 ƙwallo biyu, muka kwana biki,
Da yabo ya cika wayarka, wa ka ce ya gyara?

Ajantina ma a 2014 biyu ya zura,
Addu'ar tsofaffi kai ka shanye, ko ɗaya ba ka tura.

Telan Fagge:
Ɗan Pillars, ka manta Fabrairun 2024 ke nan,
Kwaddebuwa ta ci mu 2 da 1 a Abijan,
Shi kansa Kyaftin a benci ya gama gasar Kofin Afirkan nan,
Ni na sha zagin, har kakannina aka jera.

Hajiya Mai Turare:
Ƙanena, kai gudun suna kake, wasu nema suke,
Su sato hoton Kyaftin, su buɗe shafi su miƙe,
"Turo kuɗin fom, tafiya Turai a shirye take,"
Ɗan maƙwabciyata akuyar uwarsa ya sayar ya tura.

Uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe,
Shafin kuwa kafin Juma'a an goge shi, an kashe,
Don Allah in sun turo maka, ka faɗa musu kullum, koyaushe,
Ba kai ba ne, kar wata akuyar ta ƙara.

Ɗalibin Gwale:
Yaya Tela, da can shuɗiyar alama ce mai rarrabewa,
Yanzu X da Facebook sun mai da ita ta sayarwa,
Katinka Ahmed Musa ya ce, ba mai musantawa,
Ka biya wata-wata, gobe a manna maka, a ƙara tara.

Telan Fagge:
Rufa mini asiri yaro! Ba alama ma ban runtsa ba,
In na sa ta, ai ko zare ba zan iya zurawa ba.

Ɗan Pillars:
Kyaftin na Fagge, a bar zancen alama tukuna,
Shaddar da na kawo tun azumi, ina kaftanina?